Shuɗin Zare a Bakin Leda

Talata, ƙarfe goma na safe

Nas mai tabarau ce ta ce in riƙa rubutawa: ƙarfe nawa yarinya ta sha, ta shanye ko ta rage. To, ta sha ƙarfe shida, ta sha ƙarfe tara, ta shanye. Sauran shafin ya tsaya yana kallona, ni kuwa shekara goma sha tara ina wanki da guga, ba na iya ganin farin abu a shimfiɗe in wuce.

Yau kwana huɗu da kai Malama asibiti, hawa na uku, sashen masu ciwon damuwa. Malama matata ce. Lissafi take koyarwa, tun kafin aure haka nake kiranta, baki ya ƙi sakewa. 'Yarmu watanta huɗu. Kumfa muke ce mata, don in tana barci 'yan kumfa ne ke taruwa a leɓenta.

Abin da ke riƙe da mu yanzu yana cikin firiza. Tun Kumfa na da wata biyu Malama ta fara tatsar nono da ɗan injinta tana ajiyewa, wai saboda ranar komawa makaranta. 'Yan ledoji ne masu zif, a kwance a jere kamar hankicin da aka ninke, kowace da kwanan wata da lokaci da rubutun hannunta. A lokacin har tsiya na yi mata, na ce kanti za ki buɗe ne? Jiya na ƙirga, ɗari da tara suka rage.

Ta liƙa takarda a ƙofar firij. A fara da wadda ta fi daɗewa. A bar ta ta narke. A juye a fida, a tsoma fidar a kwanon ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, kada a ɗora a wuta. A juya a hankali, kada a girgiza. A ɗiga a wuyan hannu.

A nan gizo ke saƙar. Hannuna ba ya jin zafi. Dutsen guga ya cinye wannan tuntuni, ina iya sauke tukunya ba tsumma. Ranar farko na ɗiga, na ji daidai, Kumfa ta tsotsa sau ɗaya ta ƙwalla ƙara. Allah ya taimaka bai ƙona ta ba. Inna, mahaifiyata, wadda ta taho ta zauna da mu, ta ce, "Kai da wannan hannun naka sai ka dafa yarinya ka ce ɗumi ne." Yanzu a fatar idona nake gwadawa. In rufe ido, in ɗiga. In ban ji komai ba sai danshi, to ya yi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ƙofar hawa na uku ba ta buɗuwa sai da makulli. Ka danna ƙararrawa, a leƙo ka ta ɗan gilashi, a karɓi duk wani abu mai kaifi da ke aljihunka, a ba ka awa ɗaya.

Malama na zaune a bakin gado, ta juya wa taga baya. Ba ta tambayi Kumfa ba. Tun ranar da na tarar da ita tsaye a bakin tagar gidanmu da yarinyar a hannu take cewa kada a kawo ta kusa da ita. Amma da na tashi tafiya sai ta sa aka ɗauko mata ledoji huɗu daga firij ɗin ma'aikata, a cikin wata ƙaramar kula. Sun bar mata injin. A gaban nas take tatsa, in ta gama a ɗauke igiyar.

"Ka kai mata," ta ce. Muryarta kamar daga ƙarƙashin bargo take fitowa. "Wannan kaɗai ne na iya yi mata daidai."

A baranda likita ya tare ni. Ya ce maganin da suka ɗora ta a kai yana bi ta nono, yarinya ƙarama kamar tamu ba za ta sha ba, ko kaɗan. Ta ci gaba da tatsa don kada ya kafe, ko nan gaba a samu damar sauya magani, amma duk abin da ta tatsa daga yanzu a zubar. Ya ce ya yi mata bayani ranar farko, sai dai ranar ba ta cikin hayyacin riƙe magana. In ta ɗan natsu in sake faɗa mata, daga bakina zai fi zuwa da sauƙi.

Na ce to.

Matar da ta yi mako uku ba barci tana cewa ita ce za ta zama ajalin 'yarta, ita zan je in gaya wa cewa nononta ma ya zama abin gudu? A bas na rungume kular a cinya har gida. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙanƙara nake sayarwa.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na tsaya a wurin wanke-wanke da ledojin huɗu, na buɗe famfo. Ruwa na ta zuba. Na kasa.

A shagona akwai rigar wani mutum da ya kawo shekara shida da suka wuce, bai dawo ba. Duk wata sai na sauke ta na kakkaɓe na mayar. Abin da aka miƙo min hannu da hannu ban san yadda ake zubar da shi ba, ba a koya min ba. Balle wannan, da na san rabin awa take zaune, nas na tsaye a kanta, kafin ta cika leda ɗaya.

Sai na yi abin da na iya. Kowane mai wanki na da alamar da yake sa wa kaya don kada su cakuɗe, tawa ɗinki biyu ce a inda ido ba ya kaiwa. Na ɗauko allura, na yi wa kowace leda ɗinki biyu da shuɗin zare a can saman zif, na jera su a aljihun firiza na ƙasa. Na sama na Kumfa ne. Na ƙasa ba na kowa ba ne, ajiya ce kawai kafin in san abin yi.

Inna ban gaya mata ba. Tana son Malama, amma cikinta ba ya riƙe magana, kuma ta riga ta fara cewa karatu ne ya yi wa yarinyar nan yawa. Na dai ce mata riƙon Kumfa naki ne, ɗumama nono nawa ne, kada ki taɓa firiza.

"Ikon Allah," in ji ta. "Na shayar da bakwai, yau an hana ni taɓa kwano."

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Ta sha shida, tara, sha biyu. Ta shanye. Na ƙasa sun zama takwas.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Akwai minti bakwai da nake so, sau shida a yini, lokacin da fida ke zaune a cikin kwano ba abin da zan yi sai jira. Gidanmu a bayan shago yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ina jin injin wanki na juyi, zannuwan gadon otal a rataye suna ɗan numfashi in iska ta shigo. Nonon in yana daskare launinsa rawaya-rawaya ne. In ya narke sai mai ya taso sama ya ware. In ya ji ɗumi na juya shi a hankali, sai su koma su haɗe. Ina kallo sai in tafi, ban san inda nake zuwa ba.

Tunda da mafi daɗewa ake farawa, Kumfa kwanakin baya take sha. Ledar yau an rubuta sha huɗu ga wata, ƙarfe biyar na yamma. Na tuna ranar. Ruwan sama ne ya sauko ba sallama, muka ruga kwashe shanya ni da Malama, ta lulluɓa da zanen gadon mutane tana dariya, ni ina bin ta ina cewa sauke, na otal ne. Daga nan ta zauna da gashi a jiƙe ta tatsi wannan. Yau Kumfa ta shanye wannan yammacin tas, har da gyatsa.

Na ce wa Inna yau yarinya ruwan sama ta sha. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in je in kwanta.

Talata, ƙarfe uku na rana

Sama sittin da uku. Ƙasa ashirin da huɗu. Ɗaya na raguwa, ɗaya na ƙaruwa, ko ni da ban iya lissafi ba na ga inda abin ya dosa.

Na sayo madarar gwangwanin da likita ya rubuta. Na auna, na haɗa, na gwada a ido. Kumfa ta kama, ta tsaya, ta yi min irin kallon da uwarta ke yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa, ta turo robar da harshe. Na sake gwadawa bayan awa ɗaya. Ta yi kuka har ta shiɗe, sai da na ruga na ɗumamo na uwarta.

Inna ta ce, "Me za ka wahalar da ita da garin gwangwani, kullum kana shigowa da kula cike? Nonon uwarta ya ƙare ne?"

Na ce likita ne ya ce ta fara sabawa.

"Likitan ya taɓa haihuwa?"

Na koma kan guga.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Malama ta ɗan fi ran nan. Ta taje kanta, ta tambaye ni ko ina zuba wa shukarta ta baranda ruwa. Na ce kullum. Ta bushe tun makon jiya. Ƙarya ta fara yi min laushi a baki, abin na ba ni tsoro.

Ta miƙo ledojin, biyar ne yau.

"Tana shanyewa?"

"Tas," na ce.

Ta yi ɗan murmushi, na farko tun zuwanta can. Wannan murmushin zan sa hannu in goge?

Nas mai tabarau ta raka ni ƙofa, makulli a hannunta amma ba ta zura ba. "Baban yarinya, ka faɗa mata?" Na ce ta ba ni zuwa Lahadi. Ta ce, "Ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi. Matarka rashin lafiya ke damunta, ba ƙuruciya ba." Na ce zuwa Lahadi dai.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Kumfa ta juya da kanta, daga rigingine zuwa ruf da ciki, a kan teburin ninkin kaya. Na waiwaya in ce Malama zo ki gani.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Ban faɗa ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Wani lokaci in Inna ta kwanta da yarinya nakan ja aljihun ƙasa in tsuguna. Farin sanyi ne ke tasowa, kamar tururin guga amma ba ya gudu. Suna nan a jere, kowace da ɗinkinta biyu. Ba na yin komai, kallo kawai. Sai in ga kamar in na bar su sun daɗe maganin zai gaji ya fita da kansa, wata safiya in buɗe in tarar sun warke. Na san ba haka abin yake ba. Ina rufewa in wanke hannu.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Na ƙona riga. A shekara goma sha tara ban taɓa ba.

Ina guga, tururi na tashi, sai na ga shagon ya cika da farin ruwa har gwiwa, ɗumi-ɗumi, zannuwa na yawo a kai. Malama na zaune a kan ɗaya da alli a hannu tana rubuta kwanan wata a kan ruwan, yana gogewa tana sakewa. Ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji, na so in shiga in kwanta. Ƙauri ne ya dawo da ni.

Mai rigar wani direba ne, tsohon kwastoma. Ya ɗaga ta, ya leƙo ni ta ramin, ya ce, "Maigida, ai taga ka buɗe min." Da ya ga fuskata sai ya haɗiye dariyar, ya ce ya mai jiki. Na ce da sauƙi.

Nas ta daina tambayata. Malama ma ta daina tambayar ko tana shanyewa, miƙo min kawai take yi ta tsaya tana kallona. Na ɗan ji sanyi a raina. Wataƙila kowa ya manta.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Sama goma sha biyar.

Ledojin da Kumfa ke sha yanzu na makonnin ƙarshe ne kafin a kai ta. Rubutun ya fara karkata, ita da ko takardar cefane a layi take rubutawa. Ga lokutan kuma: ƙarfe ɗaya, biyu da rabi, huɗu, duk na dare guda. Ni ina ina? Ina barci, na gaji da guga, ina jin ƙarar ɗan injin a cikin mafarki ina cewa matata akwai himma.

A kan wata leda babu kwanan wata. Ta rubuta "ki yafe min" kawai. Na daɗe riƙe da ita har ta fara narkewa a tafina. Kumfa ta sha ta ƙarfe tara. Nono ne kamar kowane, ta yi gyatsa ta yi barci.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Ledar ƙarshe ta sama na juye yanzu, fidar na cikin kwano. Kwanan watan ranar tagar ne, ƙarfe shida na safe. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Zan bar wa Inna fidar in tafi asibiti. In na dawo, ni da Kumfa da gwangwani, sai wanda ya gaji.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe, sashen yara

A kan gwiwa nake rubutu, hawa na ɗaya. Uwa a sama, 'ya a ƙasa. Bari in faɗa a jere.

Jiya bas ya lalace a hanyar dawowa, na ƙarasa a ƙafa da kula a hannu, sai ƙarfe bakwai na iso. Tun daga bakin shago na ji shiru. Inna na zaune da Kumfa a cinya, fuskarta fal fara'a, kwanon ruwan ɗumi a gefe.

"Ga abin da ka ce ban iya ba," in ji ta. "Ta farka da yunwa, na buɗe sama wayam, na ja na ƙasa, ashe tari ka yi ka bar yarinya na kuka. Har a hannu na gwada, nawa hannun yana ji."

Ledar na kan tebur. Ɗinki biyu, shuɗi. Fidar saura kaɗan.

Ban san na yi ihu ba sai da maƙwabta suka leƙo. Ban tuna wanda ya tare mana mota ba. Na dai tuna Inna a kujerar baya tana ta cewa, "Me na yi? Ɗan nan, me na yi?" ni kuma na kasa buɗe baki in ce ba ke ba ce. Kumfa barci take yi a kafaɗata, ban sani ba ko na ƙoshi ne ko wani iri.

An ɗebi jini a diddigenta. Likitar yara ta tambaye ni leda nawa irin wannan ke gida. Na ce sittin da wani abu. Ta ajiye biro. "Kana ajiye su ka yi me da su?" Amsar mai wanki ce kawai gare ni, ba ta shiga ɗakin likita.

Inna ba ta ce min uffan ba tun jiya, sai ɗazu, ba tare da ta dube ni ba. "Da ka gaya min, da ni zan zubar maka. Ka bar ni na ba jikata da hannuna." Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ba nawa ne ni kaɗai ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Sakamakon jini ya fito. Kaɗan ne ya shiga, sau ɗaya ne, zai fita da kansa. Za su riƙe ta zuwa gobe. Da cokali suke ɗura mata madarar gwangwani, tana haɗiya tana harararsu. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Ban hau sama ba yau.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Na hau hannu rabbana. Tun daga ƙofa ta lura.

"Ina kular?"

Na zauna. Na tsara magana a matakala amma ta zube. Na fara daga ranar da likita ya tare ni a baranda. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu, yadda take tsayar da ɗalibi.

"Na sani. Nas ta gaya min tun ran Litinin."

"Kin sani? To me ya sa kike ba ni?"

"Kana shigowa da kularka ka rungume kamar ita ke riƙe da kai. Na ce in na karɓe ta, me za ka riƙe? Na yi kukana kwana biyu na gama. Na ce bari ya ɗauka ya je gida ya zubar, kowa ya huta."

Da ma a nan maganar ta tsaya. Na ce, "Ban zubar ba."

Na faɗa mata sauran: zaren, aljihun ƙasa, bas, Inna, diddige. Na yi sauri na kai ga cewa lafiyarta ƙalau, an sallame ta da safe, tana gida. Na zaci za ta koma can ƙarƙashin bargon nan da muryarta ke fitowa, wannan karon in kasa jawo ta. Abin da nake gudu ke nan tun farko. Sai ta miƙe tsaye.

"Ka ajiye? A firiza ɗaya da abincin 'yata? Da zare? Kai, rigar mutane ce?" Muryarta ta cika ɗakin, matar gadon kusa har ta tashi zaune. "Ni aka kulle a nan don kada in cuce ta, kai kuma aka sake ka kana yawo a gari! Leda sittin! Ko jan biro ba ka iya sa musu ba? Ko Inna ba ka iya gaya wa ba?"

Nas ta taho da sauri, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Na sunkuyar da kai ina shan faɗa. Allah ya sani kunya kamar ta kashe ni, amma wani gefe na zuciyata rawa yake yi. Muryar matata ce wannan. Rabona da ita ya kai wata biyu.

Da ta gaji ta zauna. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Diddigen wace ƙafa?"

"Hagu."

"Ta yi kuka?"

"Sosai."

"Ka je ka zubar. Yau ɗin nan. Sannan ka tambayi likita ranar da za a kawo min Kumfa, tunda ba a iya bar muku yarinya."

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Ni da Inna muka yi, jiya ina komawa. Muka narkar da su a babban bahon wanki, ita tana yanke baki da almakashi, ni ina zubawa. Sittin da takwas. Abin da ta yi kwana goma sha bakwai tana tarawa bai ɗauki rabin awa ba. Inna ta ce, "Yarinyar nan ta sha wuya," ta share ido da gefen mayafi. Na wanke bahon sau uku.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Likita ya ce maganin ba zai sauyu ba, shekara ko fiye. Malama ta naɗe injin a jakarsa ta ba ni. Ba ta yi kuka a gabana ba. Gobe ƙarfe huɗu za mu kai mata Kumfa.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Wani ɗan ɗaki suka ba mu a ƙarshen baranda, kujera uku da tebur. 'Yar rigar Kumfa sau uku na goge ta, Inna ta ce zan huda wannan ma. Na zo da filas da kwano da fidar madarar gwangwani, na tsoma na zauna jira. Har yau da cokali kawai take karɓar madarar, shi ma sai an yi dambe.

Malama ta shigo ta tsaya daga bakin ƙofa, hannuwa a baya. Kusan wata guda rabonta da ita.

"Ta yi girma," ta ce. "Ba ta san ni ba."

Gaskiya ne, kallon baƙuwa Kumfa ta yi mata. Nas mai tabarau ta ce ta zauna, ni kuma na ɗora mata ita a cinya tun kafin ta yi tunani.

Sai Kumfa ta shaƙi wani abu. Ta juya kai, ta fara cusa fuska a ƙirjin uwarta tana lalube da baki, tana 'yan ƙananan kuka. Gaban rigar Malama ya jiƙe wuri biyu. Wannan ban shirya masa ba, babu wanda ya shirya.

Malama ta rufe ido. Na ga hannunta ya tafi ga maɓallin riga ya tsaya a can. Nas ba ta motsa ba. Sai hannun ya sauko, ya miƙo wajena.

"Ba ni."

Na ba ta fidar. Kumfa ta ture, ta koma ƙirji, ta sake turewa, ta yi ihu har fuskarta ta yi ja. Malama na ta ce mata, "Na sani, na sani, ni ma haka. Wancan ba naki ba ne yanzu. Ga wannan, yi haƙuri, ni ce ke ba ki." Hawayenta na ɗiga a kan yarinyar, rigar na ƙara jiƙewa. Ta manna kumatun Kumfa a jikinta, ta zura robar ta gefen baki, ta riƙa jijjiga ta a hankali.

Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai ji kukan ya yanke, na ji ɗan sautin nan na haɗiya.

Aka kaɗa ƙararrawar tashin baƙi. Nas ta dubi agogo ta ce, "Malama, lokaci ya yi."

"Ba ta gama ba," in ji Malama, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Nas ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta tura ƙofar da ƙafa ta rufe, ta ja kujera ta zauna tare da mu.